Tsakanin La'asar da Isha'i: Kundin Aikin Tsare Yaran Unguwa Daga Shaye-shaye

Wannan kundin aiki ne na kwamitin wata unguwa a birnin Kano, mai kula da yara ƴan shekara 12 zuwa 17. Ba a sa sunan unguwar, ko na makaranta, ko na wani yaro, domin rufin asiri na cikin sharuɗɗan aikin.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An yi zaman farko a zauren mai unguwa. Akwai liman, malaman sakandare 2, malamar Islamiyya, ma'aikaciyar jinya, masanin harhaɗa magunguna, kocin ƙwallon unguwa da iyaye mata 2.

Shawarar da ta fara fitowa ita ce wadda aka saba: a kafa rumfa, a ɗauko lasifika, a manna hotunan huhun da ya ƙone, a kira wani tsohon ɗan ƙwaya ya ba da labarin tubarsa. An ajiye ta a gefe. Ƙa'idojin rigakafi da UNODC, ofishin yaƙi da miyagun ƙwayoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya, da Hukumar Lafiya ta Duniya suka sabunta a 2018 sun sa tsoratarwa, da lacca zalla, da shaidar tubabbu cikin abubuwan da ba sa rage shaye-shaye. Amurka ta riga mu ɗanɗanawa: shirin DARE da aka fara a 1983, inda ɗan sanda ke shiga aji ya yi gargaɗi, ya lashe maƙudan kuɗi, amma da aka bi sawun yaran bayan shekaru sai aka tarar ba su da wani bambancin kirki da waɗanda ba a yi wa ba. Ɗan shekara 14 ba ya tsoron ciwon da zai same shi yana da shekara 40. Tsoronsa kada a kira shi ɗan Hajiya a majalisa yau da daddare. Shi kuwa tubabben da ya zo fes da shi riƙe da makirfo, abin da yaro ke karantawa a jikinsa shi ne ashe ana sha a daina, har a tafa wa mutum.

An tsayar da cewa aikin zai tafi ne ta aji, ta gida, ta wurin masu sayarwa, sai kuma lokacin nan na tsakanin la'asar da isha'i, wanda yaro ya taso daga makaranta, uba bai dawo daga kasuwa ba, uwa kuma na kan tukunya.

Asabar, 25 ga Janairu

An zaga unguwa mutum biyu-biyu bayan magariba, kwana 6 a jere, ba waya a hannu, ba tsayawa tambayar kowa. Wuraren da suka fito: kangon da ke bayan makarantar firamare, gefen katangar maƙabarta, bayan gidan kallon ƙwallo, da gindin kwalbati. Da safe aka koma aka tsince abin da dare ya bari.

Ƙananan yara sun fi faɗawa sigari, shisha da sholisho, wanda ake zuba wa a tsumma ko gwangwanin madara a riƙa zuƙa. Manya-manyan sun fi ga wiwi da ƙwaya. An tsinci fakitin diyazifam da suke kira D5, da Exol wanda asalinsa maganin makyarkyata ne, da Rohypnol da suke kira roci, mai rina harshe shuɗi. Tiramadol ya fi komai yawa. Wanda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ko ga babban mutum. Fakitin da ke kangon na 225 ne. Guda 2 sun haura iyakar ƙato, balle yaron da bai kai kilo 45 ba.

Daga yau an mayar da tsintuwar ma'auni: kowace Litinin da ƙarfe 7 na safe, mutum ɗaya da safar hannu zai tsince wurare 4 ɗin, ya ƙirga, ya rubuta, a ƙone. Ma'auni ne mai rauni, don raguwar fakiti na iya nufin an sauya mazauni ne kawai, amma ya fi jita-jita.

An gargaɗi ƴan sintiri da babbar murya: kada a fafari yaro yana zuƙar sholisho, kada a daka masa tsawa daga baya. Sinadarin na birkita bugun zuciya, firgita ko gudu a wannan hali na iya tsayar da ita nan take, ko da ranar ce yaron ya fara.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An fara darasi a aji 2 na ƙaramar sakandare. Tsarin Unplugged aka ɗauka madubi, wanda aka ƙirƙiro a Turai, UNODC da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya suka gwada shi a makarantun gwamnatin tarayya a nan Najeriya. Darasi 12 ne, ɗaya a mako, kowanne kusan awa guda, kuma malamin makarantar ne ke bayarwa, ba baƙo ba.

Matsala ta farko yawan yara. Ajin da ya haura mutum 80 ba a iya tattaunawa a cikinsa, sai dai a yi ihu. An raba shi gida 3, an ture bencina jikin bango, an zauna da'ira. Ta biyu kuwa malami ne: wanda ya shigo da bulala a hammata ba zai ji gaskiya daga bakin yaro ba. An sauya ɗaya daga cikin biyun da aka fara zaɓa, ba don ba shi da ilimi ba.

Darasin da ya fi kama jiki shi ne na ƙiyasi. Ana ba kowane yaro guntuwar takarda ya rubuta, ba suna, mutum nawa yake jin suna shaye-shaye cikin kowane 100 a Kano. Akasarinsu sun rubuta fiye da rabi. Sai malam ya kawo alƙaluman binciken 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNODC: a faɗin Najeriya mutum miliyan 14.3 ƴan shekara 15 zuwa 64, wato kashi 14.4 cikin 100, a Jihar Kano kuma kashi 16. Adadin babba ne, ba wanda ya ce ƙarami ne. Amma ma'anarsa ita ce mutum 84 cikin 100 ba su taɓa kayan ba a shekarar. Yaron da ya ɗauka kowa na yi, yana jin shi kaɗai aka bari a baya. An roƙi Malam Liman da ya rage faɗin "matasanmu duk sun lalace" a huɗuba, don wannan magana dila take yi wa talla. Ya karɓa, bayan ɗan ja-in-ja.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Makon wasan kwaikwayo. Gwajin farko bai yi ba, domin an bar yara su zaɓi rawarsu, sai mai bakin aji ya ɗauki rawar dila, ya yi ta da gwaninta har aka yi ta shewa, wanda aka ba rawar ƙi kuma ya tsaya kamar gunki. Darasin ya koma tallar dila. Yanzu malam ne ke yin mai tayi, kuma ba a matsayin baƙon mugu ba, a matsayin yayan aboki, don haka abin yake zuwa a zahiri.

"Ƙanena, zo mana. Karɓi rabi kawai, gajiyar nan za ta sake ka."

"Na gode, Yaya. Ba na sha."

"Haba, kai yaro ne? Ko tsoron Hajiya kake ji?"

"Ko ma mene ne, Yaya, ba na sha. Koci na jira na a fili."

Sai ya juya ya tafi. Abin da ake koyarwa ke nan: gajeriyar amsa, a maimaita ta ba sauyi, a ambaci inda ake jiran mutum, a ɗaga ƙafa. Yaron da ya tsaya kawo hujja an gama da shi, domin babba ya fi shi baki. Kowane yaro sai ya yi sau 3 a tsaye, da muryarsa, kafin a tashi.

A gefe guda an buɗe fili: ƙwallo Litinin, Laraba da Asabar daga 4:30 zuwa kiran magariba, langa da tsere ga ƙanana. Ƙwallo 4, riguna kala 2, usur, jarkar ruwa, da littafin rajista. Littafin ya fi ƙwallon muhimmanci. Wanda bai zo sau 2 a jere ba, koci zai taka har ƙofar gidansu. Fili ba babba a kai majalisa ce kawai da aka ƙara wa ƙwallo.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kwana 8. Dare ya zama rana, lissafin la'asar da isha'i ya rushe: yanzu gararambar daga tarawihi ce zuwa sahur, ga tashe na tafe.

An zauna da iyaye layi-layi, gida 10 a zama ɗaya, maza a ƙofar masallaci, mata a gidan wata dattijuwa. An ba su misalin Ayislan, tsibirin nan na arewacin Turai. A 1998 kashi 42 cikin 100 na ƴan shekara 15 da 16 a can sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. A 2016 ya koma kashi 5. Ba wa'azi suka ƙara ba. Sun hana ƴan 13 zuwa 16 yawo bayan ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi, iyaye sun sa hannu a yarjejeniya tsakaninsu, an zuba kuɗi a wasanni da ke da mai koyarwa. Kuɗinsu ba mu da shi, amma yarjejeniyar ba ta cin ko kwabo.

Tamu ta ce: wanda bai kai 16 ba ya shigo gida minti 30 bayan tarawihi, bayan azumi kuma 9:30. Tahajjud sai da babba, don "na tafi tahajjud" ta daɗe tana rufa wa kango asiri. Ba a aiken yaro sayen sigari; dokar taba ta 2015 ma ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai, ko da yake mai tebur bai san da zamanta ba. Maganin barci da na ciwo da ke gida a kulle su a ƙirga. Uba ya san sunan abokan ɗansa 3 da gidajensu. Wanda ya ga ɗan wani a mugun wuri ya sami uban a keɓe, ba a sahun masallaci ba. A nan aka fi daɗewa, saboda kowa na cewa ɗa na kowa ne har sai an zo kan nasa.

An kuma bi masu kemis ɗaya bayan ɗaya. Lasisinsu bai ba su damar ajiye tiramadol ko diyazifam ba tun farko. Tun da aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a 2024 kayan sun ɗan yi wuyar samu a kanti, sai suka koma aljihu da ƙarƙashin kujerar babur. Masanin magungunanmu ya nuna musu wata sabuwa, haɗin tafentadol da karisofurodol, wadda Indiya ta hana yi da fitarwa a watan jiya bayan wani binciken BBC. Tana danne numfashi fiye da tiramadol, yara kuwa ba sa bambanta su tunda duk 225 ne a jikin fakiti.

Asabar, 5 ga Afrilu

Sallah ta zo da abin da ake gudu. Washegarin idi wani ɗan shekara 16 ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi yana jijjiga. Kafin ma'aikaciyar jinya ta iso an danne shi, wani na neman cusa masa cokali, wata ta kawo manja, wani madara. Ta janye kowa, ta sa hijabi a naɗe a ƙarƙashin kansa, ta duba agogo. Jijjigar ta lafa cikin minti 2, ta juya shi kan haƙarƙarinsa, aka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibiti. Ya farfaɗo.

Yaron ya ajiye ƙwaya duk azumi. Wata guda ya isa jiki ya manta sabo, shi kuwa ya dawo da adadin da ya saba sha a Sha'aban. Kuskuren kwamiti ne da ba a yi wannan gargaɗi a goman ƙarshe ba. An shagala da murnar fakiti sun ragu.

An koya wa ƴan sintiri, koci da masu shayi 2: mai jijjiga ba a danne shi, ba a sa masa komai a baki, ba a ɗura masa ruwa ko madara don huhu za su tafi. In ta wuce minti 5 ko ta dawo, asibiti ba jira. Wanda kuma aka tarar yana barcin da ba ya tashi, da munshari mai gurnani, numfashi jefi-jefi, leɓe ya yi toka-toka, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ba a cewa a bar shi ya sake shi. A kwantar da shi ta gefe a kai shi, a tafi da fakitin in an gani, a faɗa wa likita gaskiya, domin akwai allurar naloksan mai warware irin wannan in an kai da wuri.

Asabar, 26 ga Afrilu

An sa yara 9 koyon sana'a lokacin hutu, an janye 3. Ɗaya wurin mai faci, inda gwangwanin sholisho ke buɗe yini guda. Biyu a gidan bulo, inda manyan leburori ke jefa ƙwaya a shayin safe don a iya dako, kuma ba sa ganin laifi ne su gutsura wa yaro. Ba kowace sana'a ce mafaka ba. Yanzu sai an yini a wuri an ga ma'aikatansa kafin a kai yaro, kuma ɗinki, gyaran waya da aikin lantarki ne a gaba.

Asabar, 17 ga Mayu

Wata 4 aikin na tafiya da ƙafa ɗaya: duk abin da aka tsara na maza ne. Binciken 2018 ya nuna cikin kowane mutum 4 masu shaye-shaye ɗaya mace ce. Yarinya ba ta zuwa kango, don haka ƙirgar Litinin ba ta ganin ta. Nata a ɗaki ne, a gidan ƙawa, a wurin biki, maganin tari mai kodin a juye cikin robar lemo, ko roci a jefa a ciki. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun Mayun 2018, abin da ya sa ya yi tsada, bai sa ya ɓace ba.

Malamar Islamiyya ta ɗauki darussa 12 ɗin ta ba ƴan mata ranar Alhamis da Juma'a da ba a karatu, an sauya wasan kwaikwayon: mai tayin ƙawa ce ko Anti a ɗakin amarya. An ƙara ƙa'ida ɗaya, kada a sha lemon da ba a gaban mutum aka buɗe ba. Iyaye mata sun fi jin tsoron a ji a gari auren yarinya ya lalace fiye da tsoron ƙwayar kanta, shi ya sa maganar yarinya ba ta zuwa zauren kwamiti. Tana tsayawa tsakanin malama, ma'aikaciyar jinya da uwar.

Asabar, 14 ga Yuni

Wanda ya riga ya fara fa? Ma'aikaciyar jinya na amfani da tambayoyin CRAFFT 6 da aka tsara a asibitin yara na Boston, a keɓe, ba uba a wurin. Ka taɓa hawa abin hawan da mai tuƙinsa ke a buge? Kana sha don ka sami natsuwa ko ka saje da abokai? Kana sha kai kaɗai? Kana manta abin da ka yi? Ƴan uwa ko abokai sun taɓa cewa ka rage? Ka taɓa shiga rigima a dalilinsa? Mota ce a asalin tambaya ta farko, an sauya ta da babur da adaidaita sahu. "E" 2 ko fiye na nufin a zurfafa bincike, ba hukunci ba ne.

Mai ɗanɗane ana zama da shi minti 20, sau 3 ko 4, a bar shi ya fi kowa magana. Wanda kullum sai ya sha, in bai samu ba ya kama hamma, zufa, zawo da ciwon gaɓoɓi, wannan na likita ne: asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Layin kyauta na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, 0800 1020 3040, na ba da shawara. Mai shan diyazifam ko roci kullum ba a kulle shi a ɗaki a ce ya daina yau, yankewa farat ɗaya na iya kawo farfaɗiya. Likita ne ke ragewa sannu a hankali.

Wani uba ya zo wurin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni gidan mari zan kai shi, na gaji." An tuna masa abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, da na Daura a watan da ya biyo. Mari na raba yaro da ƙwaya muddin yana ɗaure, ranar da aka kwance shi kuma ya fito da jikin da ya manta sabo da zuciyar da ta ƙullaci gida. Uban ya yarda a fara da likita, bisa sharaɗin wani daga kwamiti ya raka su, don shi kunyar a gan shi a can yake ji.

An kuma shawo kan firinsifal ya daina kora a kamun farko. Korarren yaro ya sami awa 6 na banza kullum, kuma an san wanda ke jiran sa. Yanzu kamun farko kiran iyaye ne da zama da ma'aikaciyar jinya, na biyu turawa asibiti. Mai sayarwa a cikin makaranta ne kawai ake sallama.

Asabar, 28 ga Yuni

Ranar Alhamis 26 ga wata aka yi ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya. Ba a yi tattaki ba, an sayi raga da kuɗin.

Darussan maza sun ƙare, na mata saura 5. Fakiti sun ragu a kango tun da mai shi ya sa ƙofa, amma sun ƙaru a gindin kwalbati, kuma an fara ganin su a bayan wani gareji da ba ya cikin taswirar Janairu. An ƙara shi wuri na 5.

Batun dila na nan. Ƴan sintiri sun so su yi masa dukan kawo wuƙa, an hana: duka na jawo ramuwa a kan yaran da ake zargi da tsegumi, gobe kuma wani ya gaji wurin. Mai unguwa ya rubuta wa NDLEA ta hannun dagaci, kuma an haramta sa yaro leƙen asiri ko tambayarsa wa ya sayar masa a gaban mutane.

Ruwa ya fara kwanciya a rabin fili, ga dogon hutu na ƙarshen Yuli, ga ƴan aji 3 da suka gama jarrabawa suna zaune tun yanzu. An nemi aron ajujuwa 2 da harabar firamare daga 10 na safe zuwa azahar. Hedimasta ya ce sai ya ji daga sakataren ilimi. Ana bukatar manya 6 da za su riƙa karɓa-karɓa, an sami 4. Zama na gaba 12 ga Yuli, bayan la'asar.